Cutar da ke tsallako iyaka cikin iri mai kyan gani

Ranar Juma'ar da ta gabata, ina fitowa daga babbar kasuwar Maraɗi, na ga wani saurayi ya tsayar da babur a gefen hanya, ya kwance jiƙaƙƙen buhun da ya ɗauro a baya, sai ga damman dashen tattasai da na tumatir, kore shar, ƙasar da aka tumɓuko su da ita tana manne a saiwoyinsu. Kafin in ƙarasa wurin mutane sun kewaye shi kowa yana miƙa kuɗi, domin dashen ya yi kyau, kuma farashinsa bai kai na masu reno na cikin gari ba. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce daga ƙetaren iyaka ya taho da shi ta hanyar daji tun da asuba. Ban ga laifinsa ba, halalinsa yake nema, amma na daɗe a tsaye ina kallon ƙasar nan da ke jikin saiwoyin, saboda shekara uku da suka wuce irin wannan ganganci, wanda ni na yi shi da hannuna, ya jawo mana asarar da har yau ba mu gama farfaɗowa daga gare ta ba a garkar gidanmu da ke bakin Gulbi.

A waccan shekarar irin dankalin turawa da ake kawowa daga Turai, wanda yake zuwa cikin buhu mai kilo 25 da shuɗiyar takarda ɗinke a bakinsa, ya makara, kuma da ya iso kuɗinsa ya fi abin da na tanada. Duk mai noman rani a nan ya san dankali ɗan sanyi ne, in watan Disamba ya fita ba ka sa shi a ƙasa ba, zafin Maris zai riske shi bai gama ƙosawa ba. Sai na shiga kasuwa na sayi buhu biyu na dankalin ci, na zaɓi masu santsin fata waɗanda idanunsu suka fara tsiro. Ƙanen mahaifina, wanda shi ke riƙe da garkar tun ina ƙarami, ya juya ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa ya ce: "Ɗana, wannan na tukunya ne, ba na ƙasa ba." Na ce: "Baba, duba shi da kyau, ko tabo ɗaya babu a jikinsa." Ya yi shiru. Muka zauna a gindin mangwaro da wuƙa guda, muka raba manyan gida biyu, kowane yanki da idonsa, muka barbaɗa musu toka, muka shuka fangali goma sha ɗaya.

Tsiron ya fito yadda ake so, har maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka. Sai da sanyi ya fara ja da baya muka lura cewa a wasu fangalai tsiro ɗaya ko biyu yakan langaɓe da tsakar rana, ganyensa na nan kore bai yi ja ba, bai yi rawaya ba, da dare ya miƙe, da safe ka same shi tsaye kamar ba abin da ya faru. Baba ya ce ƙishirwa ce, muka ƙara ruwa. A garkarmu, kamar yawancin garake, injin yana zuba ruwa a magudana guda ne, ruwan ya cika fangali, a buɗe masa ya wuce na gaba, daga dankali ya gangara zuwa tumatir da ke can ƙasa. Cikin mako biyu waɗanda suke miƙewa da dare suka daina miƙewa, na kusa da su suka bi sahu, sannan yaushin ya bayyana a tumatir ma, yana bin hanyar ruwa ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka nuna wa hanya.

Wani malamin gona da na roƙa ya zo ya duba bai yi dogon bayani ba da farko. Ya tumɓuke tsiro ɗaya da ya langaɓe, ya wanke gindinsa, ya yanke kara kusa da saiwa, ya ce in kawo kofin gilashi da ruwa mai tsabta. Ya rataya yankan a bakin kofin, ƙasansa kaɗai cikin ruwa, ya ce kada kowa ya taɓa. Muka tsuguna mu uku muna kallo. Ba a yi minti biyar ba sai ga wasu zarurruka farare, sirara kamar hayaƙi, suna saukowa a hankali daga bakin yankan zuwa gindin kofin, har ruwan ya fara yin fari kamar an ɗiga masa nono. Sannan ya tono dankali guda ya raba shi biyu, muka ga zobe mai launin ƙasa ya kewaye cikinsa kusa da fata, ya matsa da yatsa, ɗigo-ɗigo mai yauƙi kamar mugunya ya fito daga zoben. Ya nuna mana idanun dankalin inda ƙasa ta manne ta ƙi fita, ya ce wannan yauƙin ne yake tsattsafowa ta nan. Ya dubi Baba ya ce: "Baba, ba ƙishirwa ba ce, kuma ruwan da kuka ƙara shi ya kai ta tumatir."

Sunan ƙwayar a wurin masana Ralstonia solanacearum, bakteriya ce da wani masani ɗan Amurka, Erwin Smith, ya bayyana tun 1896, kuma tana kama tsirrai fiye da iri 200, cikinsu har da dankalin turawa, tumatir, tattasai, barkono, yalo, gauta da taba. Tana shiga ta raunin saiwa, wanda fartanya ta yi ko wanda tsutsar ƙasa ta yi ko wanda aka yi wajen dashe, ta zauna cikin jijiyoyin da suke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta yi ta haihuwa tana fitar da yauƙi har ta toshe su. Shi ya sa tsiro yake mutuwa da ƙishirwa alhali gindinsa yana cikin ruwa. Zafi yana ƙara mata ƙarfi, sanyi yana kwantar da ita ba tare da ya kashe ta ba, don haka dankalin da aka noma a wuri mai sanyi yana iya ɗauke da ita a ɓoye, fatarsa sumul, cikinsa fari, sai an shuka shi a ƙasa mai zafi irin tamu take bayyana. Tana rayuwa cikin ƙasa da ruwa da saiwar ciyayi danginsu gautan kaji shekara da shekaru, tana bin wuƙa, tana bin fartanya, tana bin laka a takalmi. Babu maganin feshi da yake warkar da tsiron da ta shiga. Na nanata wannan domin na ga mutane da yawa suna kashe kuɗinsu a kan maganin ƙwari da na funfuna a kan wannan cuta, alhali ba ƙwaro ba ce kuma ba funfuna ba ce.

Tun daga ranar na fahimci dalilin dokar shigo da tsirrai, wadda a da nake ɗauka wahalar da mutane ce kawai da neman kuɗin takarda. Da a ce cutar bakteriya tana bayyana a ido, da mai saye ya isa ya tsare kansa, ya ɗauki mai kyau ya bar maras kyau. Tunda kuwa tana tafiya cikin abin da ido ya yarda da shi, dole a sami wanda zai ba da shaida a kan gonar da irin ya fito da kuma gwajin da aka yi masa, kuma wannan shaida ita ce takardar lafiyar tsirrai. Tushenta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ce ta kare tsirrai da aka ƙulla a 1951 ƙarƙashin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Rum, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ƙasar da za a kai wa kaya ita ce take faɗin cututtukan da ba ta yarda su shigo mata ba da sharuɗɗan da take so a cika. Hukumar kare tsirrai ta ƙasar da kayan suka fito ita ce take dubawa ta sa hannu. In kayan sun iso bakin iyaka ko filin jirgi a sake dubawa, in an sami matsala a yi musu magani, ko a killace su, ko a mayar da su inda suka fito, ko a ƙone. A nan gida babbar hukumar kare tsirrai da ke ƙarƙashin ma'aikatar noma ita ke da wannan aiki, bisa doka mai lamba 2015-35 ta ranar 26 ga Mayu 2015, tana da jami'ai a manyan mashigai, kuma mai son shigo da iri ko dashe ana bukatar ya nemi izininta tun kafin kaya su taso.

Shuɗiyar takardar da ke bakin buhun irin dankali, wadda na ga kamar ita ce ta sa masa tsada ba gaira ba dalili, akwai aiki mai yawa a bayanta. Ƙasar Holan, wadda take kan gaba a duniya wajen sayar da irin dankali, ta gamu da wannan cuta a 1995, aka gano cewa ta zauna cikin ruwan koramu da saiwar wata ciyawa ƴar dangin gauta da ke fitowa a bakin ruwa. Daga baya aka hana masu noman iri ban ruwa da ruwan kogi da korama, kuma ana ɗibar ƙwaya 200 daga kowane rukunin iri a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar da ido ba ya gani kafin a ba shi takarda. Masar kuwa, wadda take sayar wa Turai dankalin ci, Tarayyar Turai ba ta karɓar nata sai wanda ya fito daga yankunan da aka tantance cewa babu cutar a cikinsu, kowane kaya da lambar yankinsa, kuma ana sake gwada shi a tashar jirgin ruwa. Mutanen da suke da ɗakunan gwaji da kuɗi da masana ke nan suke wannan taka-tsantsan a kan dankalin da za a soya a ci, ni kuwa na ɗauki wanda ba shi da shaidar kowa na binne a ƙasar da kakana ya bar mana.

Abin da ya faru a kudancin Italiya ya fi kowane misali tsaya mini a rai, wataƙila saboda itacen da abin ya shafa zaitun ne, itacen da Allah ya yi rantsuwa da shi a Alƙur'ani. A watan Oktoba na 2013 masana suka tabbatar da cewa abin da ke busar da zaitun a yankin Salento na lardin Puliya wata bakteriya ce mai suna Xylella fastidiosa. Ba sabuwa ba ce a duniya: ita ce ta halaka gonakin inabi a kudancin Kalifoniya a shekarun 1880, cutar da Newton Pierce ya bayyana a 1892 har aka sa mata sunansa, kuma wani reshenta ya addabi lemu a Barazil tun 1987. Amma a Turai ba a taɓa ganin ta yi ɓarna a fili ba sai wannan karon. Da aka bi diddigin halittarta, aka tarar ƴar uwar wadda ke Kosta Rika ce, kuma ra'ayin da ya rinjaya tsakanin masana shi ne cikin tsiron gahawa na ado ta shigo, irin wanda ake sa wa a tukunya a ajiye a falo. Ita ma jijiyoyin ruwa take toshewa kamar tamu, sai dai ba ta zama cikin ƙasa. Wani ƙaramin ƙwaro ne mai tsotson ruwan tsiro, wanda ƴaƴansa suke ɓuya cikin kumfa kamar miyau a jikin ciyawa, yake ɗaukarta daga itace zuwa itace. Miliyoyin itatuwa sun bushe a Puliya, wasunsu sun haura shekara ɗari da yawa a tsaye.

Dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2015 mai tsauri ce. Ta hana shigo da tsiron gahawa daga Kosta Rika da Honduras, ta kuma ce in an sami itace mai cutar a sabon wuri, a sare shi tare da duk tsiron da cutar ke iya kamawa cikin mita 100 kewaye da shi, ko da lafiyarsa ƙalau a ido. A 2020 ne aka rage tazarar zuwa mita 50. Manoma suka ƙi, kuma duk wanda ya gaji itace daga kakansa ya san abin da suka ji. Aka yi zanga-zanga, aka shiga kotu, har masu gabatar da ƙara na birnin Lecce suka dakatar da saran a watan Disamba na 2015 suka buɗe bincike a kan masanan da suka gano cutar. Kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da halaccin saran a 2016, sannan a 2019 ta yanke cewa Italiya ba ta aiwatar da matakan yadda ya kamata ba. Duk tsawon wannan ja-in-ja cutar tana ta tafiya arewa. An kuma ga cutar a tsibirin Kosika na Faransa a 2015, a tsibiran Sifaniya a 2016, a Fotugal a 2019. Yanzu manoman Salento suna sake dasa zaitun da ire-iren da suka fi jurewa, kamar Leccino, a inda tsofaffin suka mutu. Abu biyu na ɗauka daga wannan labari: tsiro guda na ado ya isa ya buɗe ƙofa, kuma dokar da manomi bai gamsu da ita ba, bai kuma ga abin da za a biya shi da shi ba, takan tsaya a takarda har lokacin da za ta yi amfani ya wuce.

Wani zai ce ina ruwan Bamaraɗe da zaitun Italiya. Ruwansa shi ne jerin tsirran da wannan ƙwaya take kamawa ya wuce iri 600, cikinsu akwai lemu da inabi da furannin ado da ake dasawa a gidaje da ofisoshi, kuma dangin ƙwaron nan mai kumfa muna da su a Afirka ta Yamma, duk wanda ya shiga gonar dawa da damina ya taɓa ganin kumfarsu a ganye. Mu kuma mutane ne masu son tsaraba. Alhaji ya dawo da reshen inabi ko ɗan tsiron zaitun cikin jaka, ɗalibi ya dawo daga ƙasashen Larabawa na arewa da ɗan itacen lemu a leda, ɗan kasuwa ya ga fure a otal ya karyo, duk da kyakkyawar niyya. Su Turawan tun 14 ga Disamba 2019 ko matafiyi ne ya riƙo ƴaƴan itace ko ganye a jakarsa sai da takardar lafiyar tsirrai, in ban da abarba, ayaba, kwakwa, dabino da wani ɗan itacen Asiya da ake kira duriyan. Shi ya sa ake karɓe mangwaro da yalon ƴan uwanmu a filin jirgin Faransa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai in zan faɗi gaskiya, ba ta filin jirgin Yamai mafi yawan tsirrai suke shigo mana ba. Ta Ɗan Isa da Jibiya suke shigowa, da ɗaruruwan hanyoyin ƙafa da na babur da ke tsakanin ƙauyukan Madarunfa da na jihar Katsina, kuma namu ma ta nan suke fita zuwa can. Wannan iyaka mutane ɗaya ta raba: sarakunan Katsina ne da jama'arsu suka kafa Maraɗi bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau sarautarmu Sarkin Katsina ake ce mata, kuma da wuya ka sami gida a nan da ba shi da suruki ko kawu a can. Dashen tumatir, itacen rogo, mangwaro da lemu masu aure, ƴaƴan ayaba, duk suna kai-komo a matsayin ciniki da zumunci. Gulbin kansa daga Najeriya yake tasowa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, ya sake komawa Najeriya, ba ya tsayawa a shingen kowa. Mun kuma ga abin da rufe iyaka yake haifarwa, lokacin da Najeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan Agusta 2023: kaya ba su daina wucewa ba, sun dai bar titin da jami'i yake zaune sun koma daji inda babu mai dubawa. Saboda haka ba na cikin masu ganin cewa tsananta hani shi kaɗai zai tsare gonakinmu. Saurayin da na gani da babur ba zai je neman izinin shigo da kaya a kan dashen jika biyar ba, kuma dokar da ta ɗora masa sharaɗin da ta ɗora wa mai kwantena ba za ta taɓa riskarsa ba.

Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a bambanta abin ci da abin shukawa, a sa ƙarfin da ake da shi a kan na biyun. Tumatirin da zai shiga miya yau haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya zo da saiwa da ƙasa, ko itacen rogo, ko dankalin da za a binne, shi ne mai kafa cuta a wuri. Rogo ma misali ne a kusa, domin cutar bakteriyar da ke ƙona ganyensa ta busar da kan reshe, wadda ta yi ɓarna a Najeriya da Kwango a farkon shekarun 1970, cikin itacen da ake shukawa take yawo daga gona zuwa gona. Jami'in da ke bakin iyaka, in ya san wannan bambanci kuma yana da wuƙa da kofi da ɗan abin gwaji na gaggawa da hanyar aika samfur ɗakin gwaji, zai yi aikin da ya fi na buga hatimi. Muna da cibiyar binciken noma ta ƙasa a Tarna, muna da tsangayar aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ilimin yana nan cikin garin. Amma babban abin da zai rage shigowar dashen da ba a san asalinsa ba shi ne a sami wanda aka san asalinsa a kusa, a kan lokaci, da farashin da talaka zai iya. Ni ba ƙin doka ne ya kai ni ga dankalin kasuwa ba, makarar iri ce da tsadarsa. Da ana samun irin a farkon Nuwamba, ana kuma sayar da shi kilo biyar ko goma ga mai ƙaramar garka ba sai buhu sukutum ba, da masu renon dashe a Jiratawa da bakin Gulbi suna da rajista ana duba wurarensu, da mutane da yawa ba su kalli buhun babur ba.

Akwai kuma batun tsoro, wanda ba a cika faɗa ba. Manomin da ya ga baƙuwar cuta a gonarsa yakan yi shiru, don yana gudun a ce a tumɓuke amfaninsa ba a ba shi komai ba, ko maƙwabta su daina sayen dashensa. Ni kaina na yi kwana biyu ina jinkirin kiran malamin gona saboda kunyar a ce ni na kawo. Muddin mai kai rahoto shi ne zai kwana a ciki, cuta za ta riga hukuma sanin kowace garka. Dattawanmu sun san yadda cutar tsiro take karya sana'ar gari. Gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya, ita ce ta gina Maraɗi a zamanin da ake jibge buhunanta ana kai su Kano, kuma bayan farin farkon shekarun 1970 sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ƙananan ƙwarin nan darɓa ke yaɗawa, ta zo ta ƙarasa abin da ya rage a nan da arewacin Najeriya. Waccan ba bakteriya ba ce, amma ta nuna mana cewa abin da ake ganin ba zai taɓa gushewa ba yana iya gushewa cikin damina ɗaya. Yau noman rani ne ya riƙe gidaje da yawa a wannan yanki, kuma tumatir da tattasai da dankali da yalo duk dangi ɗaya ne a wurin wannan ƙwaya.

Game da garkarmu, abin da malamin gona ya umarta shi muka yi, ko da yake da ciwo. Muka tumɓuke duk tsiron da ya kamu da na kusa da shi har da ƙasar gindinsu, muka zuba a buhu don kada ta zube a hanya, muka ƙone a rami nesa da rijiya, ba mu jefa ko ɗaya a tarin taki ba, ba mu ba dabbobi ba. Muka datse magudanar da ke bi ta wannan kusurwa, muka ja wata sabuwa, yadda ruwan da ya taɓa wurin ba zai ƙara wucewa wani fangali ba. Dankalin da ya tsira muka cinye a gida, ban sayar da ko ƙwaya ɗaya ba, don na san wani zai iya yin abin da na yi. Tun daga lokacin ba mu sake sa wani abu na dangin gauta a wurin ba: da damina gero ko dawa, da rani masara da albasa, waɗanda ƙwayar ba ta samun abinci a jikinsu, kuma duk gautan kaji da ya fito ana cire shi tun yana ƙarami. Fartanyar da ake aiki da ita a kusurwar ita kaɗai ce, mun ɗaura mata jan ƙyalle a ƙota, ba ta zuwa wani wuri.

Na kuma keɓe wani ɗan wuri a bayan ɗakin injin, inda ruwansa ba ya gangarowa cikin garka. Duk baƙon tsiro da ya shigo hannuna, ko kyauta ce daga ɗan uwa, a nan yake zama cikin tukunya ko leda na wasu makonni ina duba shi da tsakar rana, lokacin da mai ɓoyayyen yaushi yake tona kansa. Wannan ba ya kama kowace cuta, domin wadda take kwance tana iya wuce makonni ba ta motsa ba, shi ya sa a dangin tumatir na daina karɓar dashen waje gaba ɗaya, ƙwayar iri nake saye cikin ƙunshinta a rufe in rena da kaina a ƙasar da ba a taɓa noma danginsu ba. Dankali kuwa sai mai takarda, kuma nakan cire takardar in adana ta har a yi girbi, saboda lambar da ke jikinta ita ce za a bi in wani abu ya taso. In buhu ya fi ƙarfina mukan haɗa kuɗi mu uku da maƙwabta mu raba.

Bana da muka zo yankan iri, Baba da kansa ya kawo gwangwani biyu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a ciki da wuƙa biyu, yana yanka da ɗaya, ɗayar tana jiƙe, in ya gama ƙwaya ya musanya. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi, bayan damina ta huɗu, za mu dasa tumatir guda goma kacal a tsohuwar kusurwar, mu ba su ruwa da bokiti, mu ga abin da za su yi a zafin Maris kafin mu yanke shawarar mayar da dankali wurin.